Ƙaramar kalma a jikin kwalbar magani

Ni malamin makaranta ne a Dogarawa, cikin yankin Malbaza. A makarantar horon malamai ta Tawa na yi karatu. Ƴan aji uku nake koyarwa, da Hausa da Faransanci. Ingilishi ba aikina ba ne, sai an shiga kolej ake fara shi. Amma bara, lokacin ɗari, wani abu ya faru gidan yayata wanda ya mai da ni malamin Ingilishi dole. Ga yadda aka yi.

Kun san garinmu ba shi da nisa da Birnin Ƙonni. Daga Ƙonni kuwa zuwa Illela ta Najeriya tafiya kaɗan ce. Don haka kaya da yawa daga can suke zo mana: sabulu, taki, maganin ƙwari, har da maganin mutane. Rubutun da ke jikinsu Ingilishi ne.

Yayata tana da ɗiya mai shekara 4. Tari ya kama ta, ba ta barci. Ran kasuwa uwar ta sayi kwalbar magani hannun wani mai talla. Da ta komo gida ta kira babban ɗanta, wanda ke shekara ta uku a kolej, ta ce ya karanta mata. Ga abin da aka rubuta: Children must not be given this medicine.

Yaro ya duba, ya ce: «Inna, an ce kada yara su ba da wannan magani. Ke babba ce, sai ki ba ta da kanki.»

Allah ya sa daidai lokacin na yi sallama. Na iske cokali a hannunta. Na karɓi kwalbar don in duba ko maganin bai tsufa ba, sai idona ya faɗa kan layin nan.

Na ce: «Yaya, dakata! Cewa aka yi kada a ba yara wannan magani.»

Yaro ya ce: «Kawu, ai na san kowace kalma. Children yara ne, must not kada, give kuma bayarwa.»

Na ce: «Ka tsallake guda.» Na aza yatsa bisa be.

Muka ɗauki yarinya sai likita. Malamin lafiya ya duba kwalbar, ya ce maganin manya ne, bai dace da ƙaramin yaro ba. Ya ba da wani, kuma ya gargaɗe mu da sayen magani hannun masu talla. Bayan ƴan kwanaki yarinya ta warke.

Sai dai magana ba ta ƙare nan ba. Daren nan yaro bai ci tuwo ba. Uwarsa ta ce: «Malam, ina amfanin karatun da ya kusa kashe mini ɗiya? Gara ya bi ubansa lambu.» Na roƙe ta ta ba ni wata guda.

Ran farko na yi yadda aka koya mini. Na rubuta doka da Faransanci cikin kayensa, na ja kibiyoyi daga wannan kalma zuwa waccan. Ya kwafe tsaf, ya haddace. Da na ba shi jimla biyar, huɗu ya kuskure. Ran na biyu ma haka. Na fara zaton yayata ce ke da gaskiya.

Ran Lahadi muka tafi lambun ubansa. Albasa irin ta Galmi yake nomawa, wadda ake kai wa har Abijan da Akara. Muna zaune sai na ji yana ce wa masu aiki: «Dole a shanya albasa kafin a zuba ta buhu.»

Na juya wajen yaro na ce: «Wa zai shanya?»

Ya ce: «Bai faɗa ba, Kawu. Kowa ma.»

«To da me ka gane haka?»

Ya yi shiru, can ya ce: «Da a.»

Nan na gane abin da nake nema yana bakinmu tun muna goye. Ku ma kuna faɗinsa kullum. An share aji. Ana kiran salla. Za a buga ƙararrawa. Ba mu faɗi wanda ya yi ba, aikin muka faɗa. Mai Ingilishi ba shi da wannan a namu. In yana son ya faɗi aiki ba tare da mai aikin ba, sai ya bi wata hanya. Na ɗauki kara na rubuta a ƙasa:

Dole a shanya albasa. Onions must be dried.
Ya kamata a tafasa ruwa. Water should be boiled.
Ana iya sayar da wake. Beans can be sold.
Kada a buɗe ƙofa. The door must not be opened.

Na ce ya dubi tsakiyar kowace jimla. Abu uku ne, kamar duwatsun murhu. Na fari shi ke nuna dole, ko kamata, ko iyawa: must, should, can. Na biyu be, ba ta sake kama ko kaɗan. Na uku kalmar aiki ce cikin siffarta ta uku: dried, boiled, sold, opened. In aka cire dutse guda, tukunya ta kife.

Sa'an nan na nuna masa ramin da ya faɗa. A Hausa, abin da aka yi wa aiki baya yake zama: kada a ba yara. A Ingilishi gaba ake kawo shi: Children must not be given. Shi kuwa ya saba duk kalmar da ta zo farko ita ce mai aiki. Don haka ya ɗauka yara ne masu bayarwa, alhali su ake hana a ba. Na ce daga yau in ka ga be, ka ga given maimakon give, ka sa a cikin Hausarka.

Ya yi dariya ya ce: «Kawu, ashe cannot be repaired shi ne ba ya gyaruwa?»

Na ce: «Shi ne. Ka ga su kalma uku suka yi, kai ka gama da ƙarshen kalma guda.»

Daga nan muka bar littafi muka koma kwalaye. Kowane marece yakan zo da abokansa biyu, da kwalin sabulu, ko buhun taki, ko gwangwani. Mu nemi must, should da can, mu mai da su Hausa. Wanda ya kuskure shi ke share tsakar gida.

Wata rana, ba na nan, ubansa ya wanke jarkar maganin ƙwari zai riƙa zuba ruwan sha a lambu. Yaro ya karanta jikinta: This container must not be used for water or food. Ya ce: «Baba, an ce kada a zuba ruwa ko abinci cikin wannan.» Uban ya huda jarkar don kada wani ya ɗauka. Yayata da kanta ta ba ni labari. Ba ta sake maganar fidda shi daga kolej ba.

Yara, a shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda aka fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Tun lokacin akwai masu tsoron Hausa za ta hana yaro koyon wasu harsuna. A shekarar 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ke nan dukansu uku za ku bukata. Ni dai abin da na gani a lambun nan, Hausar yaro ce ta buɗe masa Ingilishi. In kun shiga kolej kada ku bar ta a bakin ƙofa. In kuma aka miƙo muku kwalba a gida aka ce ku karanta, ku karanta kowace kalma, har ƙanana. Abin da ba ku tabbata ba, ku ce a tambayi malamin lafiya.

Tambayoyi

1. Wace kalma yaron ya tsallake?
2. Me ya sa uwarsa ta so fidda shi daga kolej?
3. Ku rubuta jimla uku da «dole a», «ya kamata a» da «kada a».
4. Ku nemi kwali guda a gida mai rubutun Faransanci ko Ingilishi, ku zo da shi aji gobe.