Wuyan keke da bayan dattijo

Shekara biyu ke nan da likita ya ce da ni jinina ya hau, ko in riƙa motsa jiki ko a ƙara mini ƙwayoyi. Ni kuwa daga gida a Sabo sai shago a Bodija, daga shago sai masallaci. Na tuna da Raleigh ɗin mahaifina, Allah ya jiƙansa, na ce bari in koma keke.

Wanda na samu a gwanjo keken tsere ne, mai siraran tayu da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Gudu kam ba a magana, tudun Mokola ma ba ya ba shi tsoro. Amma kafin sati uku wuyana ya sandare, yatsuna suna dindiris, ƙuguna kamar an ɗaure shi da igiya. Ran nan ina jan sallar Magariba, na yi ruku'u, ɗagowa ta gagara sai da na dafa gwiwa sosai. Bayan sallama wani dattijo ya ce, "Malam, keken nan na yara ne, ka sayar da shi."

Na kai shi wurin wani Bayerabe mai gyaran keke don ya nemo mini mai saye. Ya ce, "Alfa, hau in gani." Da na hau sai ya yi dariya, ya ce keken lafiya lau, wuyansa ne aka ɗaura wa ɗan tsere.

Wuyan shi ne guntun ƙarfen da ya haɗa kan keke da jikinsa. Nawa tsawonsa milimita 100, a karkace yake da digiri 6, kuma an ɗaura shi ta fuskar da ke sunkuyar da kai. Ya ɗauko alanki, ya kwance shi, ya kifa shi ya kalli sama. Wannan kaɗai ya ɗaga kan keken kusan santimita 2, ya kuma matso da shi kusa da ni kaɗan. Akwai wasu zobba biyu da ke saman wuyan, ya mayar da su ƙarƙashinsa. Sannan ya daidaita sirdi yadda in feda ta sauka ƙasa, gwiwata za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Duka aikin bai kai rabin awa ba.

Ya bayyana mini cewa mai tsere yana kwantawa ne don iska kada ta tare shi, ga shi matashi, bayansa na lanƙwasuwa. Ni da na haura hamsin, in na kwanta haka nauyina kan tafin hannu yake sauka, kuma dole in ɗaga wuya in ga hanya. Ya gargaɗe ni: a fara ɗaure kusar sama kafin na gefe, kuma a duba wayar birki kada ta ɗame.

Yau wata goma sha takwas ina hawa, ƙugu ya saki, ina ruku'u ba nishi. 'Yan'uwa masu keke a jingine a zaure saboda ciwon baya, kafin ku sayar, ku kai a duba wuyan. In an gyara ciwon bai tafi ba, to, sai asibiti.