Wasiƙa Daga Landan: Ido a Kan 'Yar Koriyar Alama

A gida ana ta yaɗa cewa intanet ɗin Ingila ba ya tsinkewa. Masu faɗin haka ba su taɓa zama kusa da wani matashi ɗan Zariya da ke watsa huɗubar Juma'a kai tsaye daga wani masallaci a gabashin Landan ba. Liman na kan mumbari, jama'a sun yi tsit, shi kuwa idonsa na can ƙasan allon kwamfuta, inda manhajar OBS Studio ke nuna wata 'yar alama. Kore, lafiya lau. Rawaya, a yi hattara. Ta koma ja, to fuskar liman ta daskare a wayoyin masu kallo ke nan.

Kusa da alamar akwai lambobi biyu: yawan bayanan da ke fita kowace daƙiƙa, da adadin hotunan da suka zube a hanya. Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne, kamfanonin nan ƙarfin saukewa suke talla, na ɗorawa kuwa sau da yawa ɗan kaɗan ne, alhali shi ne mai watsawa ke buƙata. Kilobit 6,000 a daƙiƙa yana cinye gigabait 2.7 a awa guda. A nan kuɗin wata ake biya a sha iya sha, ba a ƙirga data. A Zariya da tuni ya yi lissafin kwanon masara.

Ga masu wannan aiki a gida, shawararsa: a jona kebul, a rabu da Wi-Fi. Kada a cika hanya maƙil, a bar mata sarari. Idan hotuna suka fara zuba, a sauko zuwa 720p da kilobit 3,000. Mutane za su yafe dishi-dishin hoto, amma ba sa yafe yankewar murya. OBS kyauta ce tun fitowarta a 2012, babu dalilin sayen ta sata.



Abin da ya kasa sabawa da shi daban ne. Cikin masu kallonsa akwai wani dattijo a gidan kula da tsofaffi. Ɗaki tsaf, magani a kan lokaci, abin a yaba, amma babu jika ko ɗaya a tsakar gida. Ranar da alamar ta yi ja, dattijon ne ya fara kira: "Ɗana, Malam ya tsaya ne, ko wayata ce?"