Akwatin Kaset Ɗina

Kowa da abin da ya ɗauka dukiya. Wani garken shanu, wani rumbun hatsi. Ni tawa dukiyar tana ƙarƙashin gado a gidanmu na Tawa: akwatin ƙarfe cike da kaset ɗin gitar Abzinawa, waɗanda na fara tarawa tun ina saurayi.

Ba na kanti ba ne. A wurin biki ko hirar dare aka ɗauke su, an aje rediyo mai kaset gaban makaɗi, an danna ja. Daga nan sai a yi ta kwafewa, hannu zuwa hannu, daga Agadas zuwa Abalak, daga Cintabaradan zuwa Tawa. Waƙa guda ta Abdallah ag Umbadugu ina da ita kashi biyar, kuma babu biyu da suka yi kama. A ɗaya ana jin guɗa da tafin mata, a wata ana jin ƙarar kofin shayi, a wata batir ya yi sanyi, murya ta ja kamar ta mai barci.

Wanda bai ga zamanin ba zai ɗauka wasa ne. Bayan abin da ya faru a Cintabaradan cikin 1990, tawaye ya ɓarke, waɗannan waƙoƙi suka zama abin ɓoyo. Na sha rubuta sunan Shata a bayan kaset don in wuce shingen bincike, gabana yana faɗuwa. Sai da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995 muka fara saurare ba tare da rufe ƙofa ba.

Daga baya duniya ta gane kiɗan. Tinariwen sun ci kyautar Grammy a Amurka cikin 2012. Mdou Moctar, ɗan yankinmu, ya ɗauki Anar a Sakkwato cikin 2008, waƙoƙinsa suka bazu ta wayar salula kafin su kai ƙetare. Na saurari fayafayansu masu tsabta, na yaba. Amma a cikinsu ban ji tarin wani abokina da ya rasu ba, wanda ke zaune kusa da rediyo a wani dare a Abalak.

Ga damuwata yau. Zafi da ƙura suna cin zaren kaset. Bara uku suka tsinke, na ɗaure biyu, ɗaya ya tafi ke nan. Abdallah kansa ya rasu cikin 2020. Yanzu kowace Juma'a ni da ɗana muna juye kaset ɗaya cikin kwamfuta, ina faɗa masa gari da shekara, yana rubutawa. Duk mai irin wannan akwati, ina roƙonsa ya buɗe shi tun zaren bai mutu ba. Allah ya ba mu iko.