Murfin Lagireto

Hutun da ya wuce na koma Gulma na tarar da Hilux ɗin Baba mai shan dizal a ajiye, ga shinkafa jibge tana jiran a kai ta Argungu. Da an ɗan yi nisa sai ta ɗau zafi, ruwa ya ragu. Wani bakanike ya ce gasket ya ƙone, sai an buɗe inji. Kuɗin da ya yanka, wallahi sai an taɓa na rajistata.

Baba ya ce, "Kai ba kanikanci kake karantawa a Birnin Kebbi ba?"

Gabana ya faɗi. Da asuba, inji da sanyi, na cire murfin na tayar da ita. Ruwa bai yi kumfa ba, baƙin mai bai yi fari-fari ba, tiyo duk a bushe. Sai na juya murfin: robarsa ta tsattsage. Shi ke riƙe matsi kusan bar 1, don kada ruwa ya tafasa sai wajen digiri 120. Namu tururi kawai yake saki.

Na hau acaɓa na sayo sabo. Ranar ta yi sawu uku.

Baba dai cewa ya yi, "To, madalla," ya miƙo min makulli.