Wa Ake Kira Idan Bene Ya Rufta?

Ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy da ke unguwar Busa Buji a Jos ya rufta da safe, ɗalibai na ciki, mutum 22 suka rasu. Abin da ya tsaya mini a rai daga hotunan wannan rana shi ne hannayen jama'a. Matasa da dattawa suna yaye ɓaraguzai da shebur da diga, wasu da hannu kawai, iyaye na gefe suna kiran sunayen 'ya'yansu. Irin hoton da aka gani ke nan a titin Beirut na Kano cikin Agustan 2022, haka kuma a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, inda bene mai hawa 21 ya ci rayuka fiye da 40.

Ba na raina aikin maƙwabta. Ko'ina a duniya su ne ke fara ciro waɗanda ke kusa da sama, tun kafin wata hukuma ta iso. Sai dai wanda dakalin kankare ya danne a ƙasan hawa biyu, shebur ba ya kai wa gare shi, kuma taron da ya hau kan ɓaraguzai don taimako nauyinsa na iya rufe ɗan sararin da yake numfashi a ciki.

Idan gini ya faɗi ba ya niƙewa gaba ɗaya. Yakan bar ramuka a gefen ginshiƙi, ko ƙarƙashin matakala, ko inda rufi ya jingina da bango, kuma a nan masu rai suke. Aikin ƙwararren mai ceto shi ne ya gano ramin, ya tokare abin da ke kansa da katako ko ƙarfe, sannan ya huda hanya a hankali da injin yankan kankare da rodi. Lokaci zuwa lokaci shugaban aiki yakan ba da umarnin a yi tsit, a kashe janareta da kowane inji, domin a saurari ƙwanƙwasa ko nishi da na'urar sauraro, a tura ƙaramar kyamara ta cikin tsaga, ko a saki karen da aka horar. Ni dai ban san yadda za a samu irin wannan shiru a wurin da mutum dubu suka taru suna salati da ihu ba, matuƙar babu wanda ya killace wurin tun da fari.

A wurinmu kuwa abin da aka fi ɗokin gani shi ne katafila. Da ta iso sai a ce taimako ya zo. Alhali a ƙa'idar wannan aiki babban inji yana shiga ne a ƙarshe, ko kuma bisa umarnin injiniyan gini da ya nuna wane dakali za a ɗaga, domin haƙorin katafila bai san bambancin bulo da mutum ba.

Akwai kuma wani haɗari da jama'a ba su cika sani ba. Mutumin da nauyi ya danne wa ƙafa ko cinya na tsawon sa'o'i, namansa yakan mutu ya tara guba. Da zarar an ɗage nauyin sai gubar ta bi jini, ta iya tsayar da zuciya ko ta lalata ƙoda. Shi ya sa ake so ma'aikacin lafiya ya sa masa ƙarin ruwa tun yana ƙarƙashin ginin. Mutane nawa aka ciro suna magana, aka yi kabbara, sannan suka cika a hanyar asibiti?

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. Bayan ruɗanin da aka gani a girgizar ƙasar Meziko ta 1985 da ta Armeniya ta 1988, aka kafa INSARAG a 1991 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, domin tsara yadda rundunonin ceto za su yi aiki da ƙa'ida ɗaya. A ƙasashe da yawa waɗannan runduna a cikin hukumar kashe gobara suke. Haƙurinsu kuma yana biya: a Rana Plaza ta Bangaladash a 2013, inda sama da mutum 1,100 suka mutu, an ciro wata mata da rai bayan kwana 17.

Muna da hukumar kashe gobara ta tarayya da dokarta ta samo asali tun 1963, da NEMA da aka kafa a 1999, da hukumomin agajin gaggawa na jihohi, ga 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya. Yawan hukumomi bai dame ni ba kamar tambayar wane ne ke ba da umarni a cikin sa'ar farko. A ganina wannan haƙƙin 'yan kwana-kwana ne, domin su ne ke kwana a bakin aiki, kuma su jama'a suka saba kira. Amma motar ruwa da mesa ba su da amfani a gaban kankare.

Ba kowace tasha ce za ta mallaki komai ba, kuɗin ba zai isa ba. Abin da zai yiwu shi ne runduna guda mai cikakkun kaya a manyan birane irin su Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri, a yi yarjejeniya a rubuce cewa za ta tsallaka iyakar jiha ba tare da jiran takardar gwamna ba. Kowace tasha kuma ta ajiye lambobin injiniyoyin gini da na kamfanonin da ke da injin ɗaga kaya, a riga an daidaita da su kan wanda zai biya kuɗin mai. A koya wa matasan unguwa da 'yan agajin masallatai da majami'u yadda ake killace wuri da ɗaukar sunayen waɗanda ake nema. Damina ce lokacin da gine-gine suka fi faɗuwa a nan, don haka atisayen ya kamata a yi shi tun cikin bazara.