Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana?

A gidanmu 'ya'ya huɗu Allah ya ba mu. Autarsu ta kai aji uku a firamare, amma ba ta iya karanta ko layi ɗaya na Hausa ba. Abin ya dame mu ƙwarai, gama littattafan yara da ke kasuwa yawancinsu na Turanci ne, ga kuma tsada.

Wata rana babbar 'yarmu ta nuna mana wani wuri a intanet mai suna StoryWeaver. Wata ƙungiyar buga littattafan yara ta ƙasar Indiya, wato Pratham Books, ita ta buɗe shi a shekara ta 2015. Akwai dubban labarai masu hotuna a ciki, an kuwa yardar wa kowa ya kwafa, ya fassara, ya gyara.

Muka zaɓi labarin wata yarinya da akuyarta. Dare bakwai muna juya shi zuwa Hausa bayan an ci tuwo, har mukan yi gardama a kan kalma ɗaya. Da muka gama muka buga a shagon kwamfuta, muka ɗinke da zare, muka kuma ajiye fassarar a inda muka samo labarin. Kafin wata ya mutu Auta tana karanta wa kakarta shi.

Bayan wata shida sai wani ɗan'uwanmu ya dawo daga Sakkwato da ɗan littafi a aljihu. Ashe aikinmu ne! Wani malami ne ya buga yana sayar wa iyayen yara. Ya ma taɓa Hausar: inda muka sa "wannan" ya sa "wanga", inda muka sa "tafi" ya sa "tahi". Ranmu ya ɓaci. Muka ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!"

Sai 'yarmu ta ce, "Baba, Mama, ku da kuka ɗauki labarin, wa kuka biya?" Muka yi shiru.

Ta karanta mana sharaɗin da ke bayan littafin. Bisa ga doka, rubutu na mai shi ne. A Nijeriya haƙƙin yakan kai shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Amma a shekara ta 2001 aka kafa wata ƙungiya a Amurka, Creative Commons, ta tsara takardun izini domin marubucin da yake so ya ba da aikinsa tun yana da rai. Irin wanda ke kan labarinmu ana ce da shi CC BY: ka kwafa, ka canza, ka sayar ma in kana so, muddin ka ambaci sunan masu aikin, ka kuma faɗa cewa ka yi canji. Muka duba shafin ƙarshe. Ga sunan marubuciyar, ga na mai zanen, ga namu, ga kuma bayanin gyaransa. Malamin bai yi sata ba. Har wata gaɓa da muka yi kuskure, ya daidaita ta.

Kunya ta kama mu. Mutanen da ba su san mu ba sun buɗe mana rijiyarsu, mu kuwa da muke guga kawai muna so mu hana. Gaskiya, har yanzu in muka tuna kuɗin, zuciya takan ɗan motsa. Amma yara nawa ne suka sami abin karatu da bakin garinsu saboda shi?

Iyaye, ku lura: ba dukan abin da ke intanet ne kyauta ba. Ku nemi alamar CC. In an haɗa da NC, ba a sayarwa. In an haɗa da ND, ba a rarraba wanda aka canza.

Mu dai mun soma labari na biyu. Wannan karo Auta ce take riƙe da alƙalami.