Gwajin da ba ya jiran arba'in

Mu mata mun san gwajin maleriya da na taifot da na rukunin jini. Amma akwai ƙwayar cutar da akasarinmu muke ɗauke da ita tun ƙuruciya, ba mu taɓa jin sunanta ba. Likitoci na kiranta CMV, 'yar dangin ƙwayar ƙarambau ce. In ta shiga jiki ba ta fita, sai ta lafe a cikin fararen ƙwayoyin jini. Ba ta cika damun mai lafiya ba. Abin ji shi ne jaririn da ke ciki, domin ita ce kan gaba wajen kurumtar da yara in aka cire ciwon gado.

Ni ta dalilin ƙanwata na san ta. Tana da ciki wata huɗu aka ɗebi jininta, takarda ta nuna tana da ita, ta kwana tana kuka. Da muka koma, likita ta ce: "Maman biyu, kwantar da hankalinki, tsohon sawu ne." Ta bayyana mana cewa gwajin IgG shaida ce kawai an taɓa kamuwa, ko da shekara 20 da suka wuce. IgM ne ke sa a yi zargin sabon kamu, shi ma sai an ƙara wani gwaji kafin a tabbatar. Sabon kamu a farkon ciki shi ya fi haɗari, amma mai tsohon sawu ma tana iya sake kamuwa.

Akwai kuma gwajin da ke neman cutar kanta. Ana ware fararen ƙwayoyin jini, a rina su, a ƙirga masu ɗauke da ita a madubin likita. An fi yi wa masu raunin garkuwar jiki, kamar waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Yanzu PCR ya fi yawa.

Na jariri dabam ne: fitsari ko yawu ake gwadawa, kuma cikin kwana 21 da haihuwa. Bayan nan da wuya a gane ko daga ciki ya ɗauko ko a nono ya samu, wanda ba ya cika cutar da ɗan da ya cika wata tara. Hukumar CDC ta Amurka ta ce ana haifar jariri 1 cikin 200 da ita, kuma 1 cikin 5 daga cikinsu kan sami matsala mai ɗorewa.

A nan al'adarmu ke ba ni tsoro. Mai jego tana ɗaki, ga wankan jego, ga hidimar suna, kowa na cewa bari a yi arba'in. Kafin nan lokaci ya wuce. Idan jariri ya zo da ƙaramin kai, ko shawara, ko ɗigo-ɗigon jini a fata, ko ba ya firgita da ƙara, ki nemi likita a makon. Akwai magani, valganciclovir, ana sha wata 6, kuma an fi so a fara cikin watan farko.

Har yanzu babu allurar rigakafinta. Daga yawu da fitsarin ƙananan yara ta fi yaɗuwa. Don haka 'yar'uwa mai ciki da goyo, ki wanke hannu da sabulu bayan tsarki da share majina. Kada ki sha kunu da cokalinsa, kada ki tauna ragowarsa, ki sumbace shi a goshi maimakon baki.

Ku gaya mini a ƙasa: a asibitinku an gwada jin jaririnku kafin sallama? Allah Ya raya mana zuri'a.